Yadda za ka riƙa zuba jari duk wata ba tare da jiran "kasuwa ta sauko" ba, da lissafin harajin da ya shafe ka

Tambayar da mutane suka fi yi in ana hirar hannun jari ita ce, yanzu ne lokacin shiga ko in ɗan jira? Kuma mai tambayar da gaske yake wallahi, kuɗinsa ne, guminsa ne, ba ya so ya saka yau gobe ya buɗe waya ya ga sun ragu. Matsalar dai wannan jiran ba shi da ranar ƙarewa. In kasuwa ta tashi sai a ce ta yi tsada bari ta ɗan sauko, in ta sauko kuma tsoro ya kama mutum ya ce ai ba ta gama faɗuwa ba, haka shekara za ta zagayo kuɗin suna kwance a akawun, a ciri na biki a ciri na suna a ranta wa wane, abin da ya rage kuma tsadar kaya ta cinye shi a zaune. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin ɗari. Kenan wanda ya ajiye dubu ɗari biyar ya shekara yana jiran lokaci, lambar da ke akawun ɗinsa ba ta canza ba amma cefanen da za ta yi masa ya ragu sosai.

Na san daga inda tunanin ya samo asali. Mu a nan mun saba da sayen hatsi da kaka, a zuba a sito, a jira bazara ko tsakiyar damina a fitar a ci riba. Wannan yana aiki ne saboda hatsi yana da kalanda, ruwan sama ne ke tsara shi, kowa ya san watan da masara ke araha a Dawanau. To kasuwar hannun jari ba ta da kaka, babu watan da za ka ce a cikinsa take araha duk shekara. Kuma ko hatsin ma mai kalandar, duk mun ga abin da ya faru a 2025, waɗanda suka ɓoye masara da shinkafa suna jiran tsada farashi ya karye musu a hannu.

Bari mu duba tarihin kasuwarmu ta hannun jari da ke Legas, wadda ake kira NSE a da, yanzu NGX tun 2021. Bayan haɗe bankuna da aka yi zamanin gwamnan CBN Soludo a 2005, hannun jarin bankuna ya riƙa tashi kamar ba zai tsaya ba, ma'aikata da 'yan kasuwa har da 'yan fansho kowa ya shiga, wasu ma bashin banki suka ci suka saya. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannun jarin gaba ɗaya, ya kai maki 66,371. Daga nan ya rikito, cikin shekara ɗaya ya dawo wajen 20,000, sannan a Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan CBN ya sauke shugabannin wasu manyan bankuna. Ma'aunin nan bai sake taka inda ya kai a 2008 ba sai Agustan 2023. Shekara 15 fa. Wanda ya kwashe duk abin da ya mallaka ya zuba rana ɗaya a farkon 2008 saboda kowa na cewa yanzu ne lokaci, shi ne ya sha wuyar da har yau in ka yi wa wasu dattawa maganar hannun jari sai su ɗaga maka hannu.

Sai kuma ɗaya ɓangaren. A Afrilun 2020, ana kulle saboda korona, farashin mai ya faɗi, ma'aunin ya sake komawa wajen 21,000, kuma a lokacin babu mai hankalin da zai ce maka ga ranar da kasuwar za ta farfaɗo. Amma kafin ƙarshen Disamba ta kai 40,270, shekarar ta rufe da ƙarin kusan kashi 50. A 2023 ta ƙara kusan kashi 46, a 2024 kusan kashi 38, har ta haye maki 100,000 a Janairun 2024. Wanda ya fita da gudu a Maris 2020 ya ce zai dawo in ƙura ta lafa, kafin ƙurar ta lafa farashi ya riga ya tafi ya bar shi. Ka ga mai son cin lokaci, wato hasashen ranar shiga da fita kasuwa, sai ya yi daidai sau biyu, ranar fita da ranar dawowa, kuma duk biyun a lokacin da zuciya ke gaya masa akasin abin da ya kamata.

Shi ya sa ni abin da nake gani ya fi wa mai albashi da ƙaramin ɗan kasuwa shi ne ya cire wannan shawarar daga hannunsa gaba ɗaya. Ya yanke adadi, ya yanke rana, duk wata ya zuba a asusun haɗakar jari, ko kasuwa na sama ko tana ƙasa.

Shi asusun haɗaka abu ne mai sauƙi. Mutane da yawa ne ke tara kuɗi wuri ɗaya, kamfanin da ke da lasisi ya juya su, ya sayi hannun jarin kamfanoni daban-daban ko takardun bashin gwamnati ko sukuk, wato takardun jari marasa ruwa, kai kuma a ba ka yunit gwargwadon kuɗinka. Farashin yunit ɗin yana hawa yana sauka gwargwadon darajar kayan da ke cikin asusun. Kuma a tsarin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar jari, kuɗin ba a aljihun manajan suke ba, akwai banki daban da ke riƙe kadarorin, akwai kuma amintaccen kamfani daban da ke sa ido a madadin masu jari. Wannan rabon aikin shi ne babban bambancinsa da irin su MMM da ta rushe a Disambar 2016 da CBEX ta 2025, inda kuɗi ke shiga hannun da ba wanda ya san shi.

Ga yadda zubin wata-wata yake aiki, da lambobin misali kawai don a gane. A ce kana zuba 20,000 duk wata. Watan farko yunit yana naira 100, ka samu 200. Wata na biyu ya sauko 80, ka samu 250. Na uku ya faɗi zuwa 50, kowa na kuka, kai kuma 20,000 ɗinka ta sayo maka 400. Na huɗu ya koma 80, ka ƙara 250, na biyar ya dawo 100, ka ƙara 200. Jimilla ka zuba 100,000 kana da yunit 1,300, a farashin 100 kuɗinka 130,000 kenan, alhali kasuwar ba ta je ko'ina ba, inda ta tashi nan ta dawo. Wanda ya zuba 100,000 ɗinsa gaba ɗaya a watan farko yana nan da 100,000 ɗinsa. Abin da ya faru shi ne kuɗi iri ɗaya suna sayen yunit da yawa in an yi araha, kaɗan in an yi tsada, ba tare da ka yi wani hasashe ba.

Amma kar in ɓoye maka ɗaya fuskar. In kasuwar tashi kawai take yi, 100 zuwa 110 zuwa 120 har 140, wanda ya zuba duka tun farko shi zai fi ka, yana da 140,000 kai kana da wajen 118,000. Kuma zubin wata-wata ba ya hana asara, in kasuwa ta shekara uku tana sauka kamar yadda ta yi daga 2014 zuwa 2016, za ka riƙa buɗe manhaja kana ganin ja, alamar asara. Amfaninsa shi ne ya dace da yadda kuɗi ke zuwa wa yawancinmu, wata-wata, kuma yana hana ka yin babban kuskure guda ɗaya da zai karya ka.

Kafin ka zuba ko kwabo

Ka fara da kuɗin ko-ta-kwana. Na cefane da haya da makaranta na wata uku zuwa shida, a wurin da za ka iya cirewa da sauri. Wannan matakin mutane suna raina shi amma shi ne ke riƙe duk sauran, domin wanda ba shi da shi, ranar da yaro ya kwanta asibiti dole ya sayar da yunit ɗinsa ko da kuwa ranar ce kasuwa ta fi faɗuwa. In akwai bashi a wuyanka kuma, musamman na manhajojin bashin nan masu tsawwala ruwa, ka fara sauke shi.

Sannan ka tambayi kanka, yaushe zan buƙaci kuɗin nan? Amsar ita ce za ta zaɓa maka asusu, ba wanda ya fi riba bara ba. Kuɗin hayar da za ka biya nan da wata takwas, ko na kayan ɗakin 'yarka da za a aurar baɗi, ba su da hurumi a asusun hannun jari, ko kaɗan. Irin waɗannan sai asusun da ba ya girgiza sosai. Na hannun jari na kuɗin da za ka iya mantawa da su shekara biyar zuwa sama ne, karatun jami'ar yaron da yanzu yake firamare, ko ƙarin abin da za ka dogara da shi bayan ritaya. Akwai kuma na tsaka-tsaki da ke gauraya biyun.

Maganar halasci, wadda na san ita ce ta fi damun yawancin masu karanta wannan. Asusun kasuwar kuɗi da ake yawan tallatawa a manhajoji, ribarsa daga kuɗin ruwa take, takardun bashin gwamnati na gajeren zango da ajiyar banki, wannan a fili yake. Wanda ba ya so akwai masu bin tsarin shari'a, kamfanin Lotus Capital ya buɗe asusunsa na halal tun 2008, Stanbic IBTC na da Imaan Fund, akwai wasu ma. Su ba sa sayen hannun jarin kamfanin giya ko caca ko bankin ruwa, suna da kwamitin malamai da ke duba abin da ake saya, kuma na ɓangaren da ba ya girgiza sosai suna dogara ne da sukuk da cinikin murabaha (saye a sayar da ribar da aka bayyana) da ijara (bayar da haya). Sukuk ɗin gwamnatin tarayya na farko ofishin kula da basussuka DMO ya fitar da shi a 2017, naira biliyan 100 na shekara 7, aka yi tituna da kuɗin, duk mai bin manyan hanyoyi ya ga allunan. Ban ambaci sunayen nan don in ce ka je can ba, na ambata ne don ka san abin akwai shi kuma ya daɗe. Ko a fansho ma hukumar fansho PenCom ta buɗe Fund VI marar ruwa a 2021, ma'aikaci zai iya neman a mayar da shi can.

Duk wanda ka zaɓa, ka shiga shafin SEC da kanka ka duba sunan kamfanin da sunan asusun. Hukumar na wallafa jerin asusun da ta yi wa rajista da darajar kowanne duk mako. In babu sunan a can, magana ta ƙare, ko da kuwa limamin unguwarku ne ya kawo maka shi da kyakkyawar niyya. Takardar CAC ba lasisin karɓar jarin mutane ba ce, wannan rajistar kamfani ce kawai, kuma da ita aka fi yaudarar mutane. Duk wanda ya ce maka riba tabbas ce, kashi kaza duk wata ba fashi, ka kama kanka.

Buɗewar kanta ba wuya. Yawanci a waya ake gamawa, za su nemi BVN da NIN, hoton fasfo, takardar wuta ko wata shaidar adireshi, lambar akawun ɗin da za a riƙa mayar maka da kuɗi, da sunan magaji. Ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a BVN da NIN, harafi da harafi, domin Muhammad a nan Mohammed a can ya isa ya riƙe maka kuɗi ranar da kake cikin matsuwa. Wurin magajin nan kuma kar ka cike shi da wasa, sannan ka sanar da iyalinka cewa asusun yana nan, akwai dukiyar marayu da yawa da ke kwance a kamfanoni saboda mamacin bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da yawan asusun ana farawa da 5,000 ko 10,000.

Akwai 'yar takardar bayani da kowane asusu ke fitarwa, shafi ɗaya ko biyu, ka karanta ta ko da a gurguje. Abin da za ka nema a ciki: nawa suke cira na kula da asusu duk shekara, wanda sau da yawa yana tsakanin kashi 1 zuwa 2, kuma ana cirarsa ko an ci riba ko ba a ci ba. Kwana nawa ne mafi ƙarancin zama, domin wasu in ka cire kafin kwana 30 ko 90 za su yanki wani abu daga ribar. Kwana nawa kuɗi ke ɗauka kafin su faɗo akawun in ka nemi cirewa. Sai kuma manyan abubuwan da suka saya da kuɗin. Kashi 1 da kashi 2 kamar ba bambanci, amma a shekara 15 kuɗi ne masu yawa.

Daga nan sai babban aikin, ka sa banki ko manhajar ta riƙa cira da kanta. In albashi na shigowa 25 ga wata, sa ranar 26 ko 27. Kar ka bari sai abin da ya rage a ƙarshen wata domin ba abin da ke ragewa, duk mun sani. Ka fara da adadin da ba zai sa ka fasa ba, gara 10,000 da za ta ɗore shekara goma da 50,000 da za ka tsayar bayan Sallah. In an yi ƙarin albashi ka ƙara, ko da kashi 10 ne, saboda 10,000 ta bana ba ita ce 10,000 ta shekara biyar masu zuwa ba. Ɗan kasuwar da kuɗinsa ba su da rana sai ya yanke kaso, misali duk Juma'a kaza daga ribar mako. In asusun na raba riba, ka zaɓi a mayar da ita ciki ta sayi ƙarin yunit, sai dai in da ita kake cefane.

To in kuɗi masu kauri suka zo a dunƙule fa, giratuti ko gado ko kuɗin fili? A lissafi zubawa gaba ɗaya kan fi in zaman zai yi tsawo, amma ni na fi son mutum ya raba su kashi shida ko goma sha biyu ya riƙa turawa duk wata, sauran suna jira a asusun da ba ya girgiza, saboda na san halin zuciya, in ka zuba giratutinka yau wata mai zuwa ya ragu da kashi 15 ba za ka yi barci ba, kuma ƙarshenta za ka cire a kan asara.

Ka rage leƙa manhaja. Sau ɗaya a wata uku ya isa, sau ɗaya a shekara kuma ka zauna ka duba ko asusun na tafiya daidai da takwarorinsa da kuma hauhawar farashi. In lokacin buƙatar kuɗin ya matso, saura shekara biyu ko ɗaya, ka fara kwashewa kaɗan-kaɗan daga na hannun jari zuwa mai natsuwa. Wannan ba cin lokacin kasuwa ba ne, kalandarka kake bi.

Sai haraji

Dalilin da ya sa na haɗa maganar jari da ta haraji shi ne adadin da za ka iya zubawa daga abin da ya rage bayan haraji yake fitowa, kuma mutane da yawa ba su taɓa duba layin PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi, a takardar albashinsu ba. Dokar ta canza. Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, hukumar haraji ta tarayya FIRS ma ta koma NRS. Amma harajin kuɗin shigar mutum ɗaya yawanci na jihar da kake zaune ne, KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, haka kowace jiha da tata hukumar.

Hawa-hawa ake yanka shi a kan kuɗin shekara. Naira 800,000 na farko babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18, sai miliyan 13 kashi 21, sai miliyan 25 kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, 70,000 a wata, an ɗauke masa. Inda mutane ke ruɗewa shi ne suna ɗauka in ka tsallaka hawa na gaba duk kuɗinka za a yanka da sabon kason, har wani ya ce ƙarin albashi zai jawo masa asara. A'a. Abin da ya tsallaka ɗin kawai ake yanka da shi.

Kuma ba a kan albashin duka ake lissafi ba, sai an cire wasu abubuwa tukun: kashi 8 na fansho, kuɗin asusun gidaje NHF, na inshorar lafiya, na inshorar rai, da ruwan bashin gina gidan da kake zaune a ciki. Tsohon rangwamen nan na dunƙule, 200,000 da kashi 20 na albashi, an soke shi, an kawo rangwamen haya a madadinsa, kashi 20 na hayar da kake biya a shekara amma ba zai wuce 500,000 ba.

Mu ɗauki mai 300,000 a wata, miliyan 3.6 a shekara, mu ce don sauƙi ana cire fansho a kan duka. Fansho 288,000. Yana biyan haya 600,000, rangwamensa 120,000. Abin da ya rage 3,192,000. Dubu 800 na farko ba komai. Miliyan 2.2 a kashi 15 ya ba da 330,000. Ragowar 192,000 a kashi 18 ya ba da 34,560. Jimilla 364,560 a shekara, wato 30,380 a wata. Ka ɗauko takardar albashinka ka yi irin wannan lissafin da biro, in ya sha bamban da abin da ake cire maka ka je ofishin akanta ka tambaya cikin mutunci. Rangwamen hayar nan ba ya zuwa da kansa, sai ka bayyana ka kai shaida, don haka ka daina karɓar "Allah ya sa albarka" kawai daga mai gida, ka nemi rasit mai suna da kwanan wata da adadi.

Ɓangaren jari kuma, in ka sayi hannun jarin kamfani kai tsaye, ribar da ake rabawa ana cire kashi 10 tun kafin ta iso ka, kuma ga mutum ɗaya shikenan an gama da ita. Ribar sayarwa, wato ka saya da araha ka sayar da tsada, a sabuwar doka tana bin hawa-hawan nan na sama, sai dai an ɗauke wa wanda abin da ya sayar cikin wata 12 bai kai miliyan 150 ba kuma ribar ba ta wuce miliyan 10 ba. Ka ga mai zuba 20,000 a wata yana da nisa da wannan layin. Na asusun haɗaka kuma ka nemi kamfanin ya rubuto maka ko ribar da suke nunawa kafin haraji ce ko bayan haraji, ka kuma sauke sitetmen ɗinka na ƙarshen shekara ka adana. Mai shiga da fita kullum yana neman cin lokaci, ko haraji bai taɓa shi ba kuɗin dillali da cajin saye da sayarwa suna gutsurarsa duk zagaye.

Akwai jita-jitar da ta zaga cewa duk kuɗin da ya faɗo akawun za a yanki haraji. Ba haka dokar ta ce ba. Haraji a kan kuɗin shiga yake, albashi ko ribar sana'a ko kuɗin haya da kake karɓa. Kyauta ba ta ciki, bashin da ka ranta aka dawo maka da shi ba ya ciki, kuɗin da yayanka ya turo a kai wa Hajiya ba naka ba ne balle a ce riba. Naira 50 ɗin da ake cira in an tura 10,000 zuwa sama wani abu ne daban. Amma dai ɗan kasuwa ya taimaki kansa, ya raba akawun ɗin shago da na gida, ya riƙa rubuta abin da ya saro da abin da ya kashe, domin a kan riba ake yanka ba a kan ciniki ba, kuma wanda ba shi da rubutu sai a yi masa ƙiyasi, ƙiyasi kuwa ba kasafai yake zuwa da sauƙi ba.

Haraji kuma ba ya sauke zakka. In jarinka haɗe da sauran kuɗinka ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo, akwai haƙƙi a kai, yadda ake lissafa na hannun jari kuma ka zauna da malamin da ya san harkar, ka tafi masa da sitetmen ɗin don ya ga ainihin abin da ke ciki.

Wurin aiki na da zuwa 10 ga watan da ke biye su kai PAYE ɗin da suka cire maka, kuma su shigar da bayanan shekara kafin ƙarshen Janairu. Kai kuma naka bayanin na shekara, musamman in kana da wata hanyar samu bayan albashi, wa'adinsa 31 ga Maris. Lambar NIN ɗinka ita ake amfani da ita wajen fitar maka da lambar haraji. Ka nemi takardar shaidar biyan haraji daga hukumar jiharku ko da ba ka buƙatarta yanzu, harajin shekara uku da suka wuce take nunawa, da ita za ka gane ko abin da ake cirewa a albashinka yana isa inda ya kamata, kuma za a tambaye ka ita ranar neman takardar fili ko kwangila, lokacin da ba ka da sararin bin ofis-ofis.